Shimfiɗar Wasa a Dara da Ces: Karawa ta Shida Tsakanin Fischer da Spassky

A ƙasar Rano da Kibiya, kamar sauran garuruwan kudancin Kano, dara wasa ne na manya wanda kasuwarsa ta fi ci bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da rani ya ba manomi sararin zama a inuwa. Darar da wannan darasi ya dogara a kanta ita ce mai gida 30, wato gurabe shida-shida a layi biyar da ake tonawa a ƙasa, inda kowane ɗan wasa yake riƙe da 'ya'ya 12, ɗaya ya ɗauki tsakuwa, ɗaya kuma guntayen kara, domin kada 'ya'yan su cakuɗe. Wasan yana da mataki biyu. A na farko, wanda za a kira zubi, 'yan wasa suna ajiye 'ya'yansu ɗai-ɗai bi da bi har su ƙare, ba tare da an yarda wani ya jera uku a layi guda ba. A na biyu kuma ake fara turawa, ɗa ya matsa gida ɗaya gaba ko baya ko gefe, wanda duk ya jera uku sai ya cire ɗa guda na abokin karawarsa. Ƙa'idojin suna ɗan sassaɓawa daga gari zuwa gari, amma wannan ginshiƙi bai cika canzawa ba.

Idan zubi ya ƙare, gida 24 sun cika, shida kacal suka rage a buɗe, saboda haka wurin motsi ya ƙuntata ƙwarai, kuma wanda ya iya zubi har guraben da suka rage suka faɗo kusa da 'ya'yansa, ya hana abokin karawarsa su, ya riga ya yi rabin aiki tun kafin a tura ɗa ko ɗaya. Sai dai wannan sani a ƙwaƙwalwar gwani yake zaune, kuma da zarar an tashi an share ƙasa, wasan ya tafi ke nan. Gwanin garin Rurum ba shi da hanyar nazarin zubin gwanin garin Tarai sai ya je ya zauna a gefensa, haka kuma jikan gwani ba ya gadon komai daga wasannin kakansa in ban da labari. A nan ne wasan ces, wanda littattafan Larabci suke kira shaɗaranji, ya bambanta, domin shi ana rubuta shi taku bayan taku, kuma rubutun ne ya mai da farkon wasansa fannin ilimi mai sunaye da tarihi da gyare-gyare.

Faifai, mayaƙa da yadda ake rubuta taku

Faifan ces yana da gida 64, takwas-takwas, fari da baƙi a cakuɗe, kuma kowane ɓangare yana da mayaƙa 16: sarki, sarauniya, hasumiya biyu, giwa biyu, doki biyu da dakaru takwas. Hasumiya tana tafiya a miƙe, tsaye ko kwance. Giwa tana tafiya a karkace, abin da ya sa ba ta taɓa barin launin gidan da ta fara a kansa. Sarauniya ta haɗa tafiyar su biyun. Doki yana tsallake, gida biyu a miƙe sannan ɗaya a gefe. Sarki gida ɗaya yake matsawa ta kowace fuska. Dakare kuwa gaba kawai yake yi, ya ci a karkace, kuma ba ya komawa baya, dalilin da ya sa kuskuren tura dakare ba ya gyaruwa. A ƙiyasin masana, dakare maki 1 ne, doki da giwa 3 kowanne, hasumiya 5, sarauniya 9. Ana cin wasa ne idan aka ritsa sarki ya rasa mafita, ko da yake a manyan gasa wanda ya ga alamar haka yakan miƙa wuya tun kafin a kai ga nan.

Tunda a ces mayaƙa suna da mazaunin farko da ba ya canzawa, abin da ya yi daidai da zubi shi ne taku goma zuwa goma sha biyar na farko, waɗanda za a kira shimfiɗa. Manufarta uku ce a dunƙule: a riƙe gidaje huɗu na tsakiyar faifai, a fito da dawaki da giwaye fagen fama, a kuma kai sarki mafaka ta wani taku na musamman da sarki da hasumiya suke yi tare, wanda za a kira fakewa.

Rubuta taku bai fi ƙarfin wanda ya san baƙaƙe takwas da lambobi takwas ba. Layukan tsaye suna ɗauke da a zuwa h daga hagun mai fari, layukan kwance kuma 1 zuwa 8 daga gabansa, saboda haka kowane gida yana da suna guda, kamar e4 ko c5. Ana sa harafin mayaƙi kafin sunan gidan da ya sauka, kowace al'umma da haruffan harshenta. A nan S sarki ne, Sr sarauniya, H hasumiya, G giwa, D doki, dakare kuwa ba a sa masa harafi. Alamar x tana nufin ci, 0-0 kuma fakewa ce. Wannan dabara za ta hau kan dara ba tare da wata wahala ba, domin idan aka ba layuka shida a zuwa f, aka ba biyar ɗin 1 zuwa 5, sunaye 24 a jere sun isa su adana zubin wasa guda cif, har a sake shimfiɗa shi bayan shekara goma a duba inda aka kuskure.

Asalin shimfiɗu masu suna

Wasan ya samo asali ne a Indiya wajen ƙarni na 6, ya bi ta Farisa ya shiga hannun Larabawa, kuma a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa aka samu gwanaye irin su al-Adli a ƙarni na 9 da as-Suli wanda ya rasu wajen 946, waɗanda suka wallafa littattafai suka tsara shimfiɗu da suka kira ta'abiya, wato jeren runduna kafin gwabzawa, kowace da sunanta. Ta Andalus wasan ya shiga Turai, inda a ƙarshen ƙarni na 15 aka ƙara wa sarauniya da giwa ƙarfin da suke da shi a yau. Mai karatu a ƙasar Kano zai so ya san matsayin malamai, kuma ba abin ɓoyewa ba ne cewa Muwaɗɗa ta kawo ƙin da Imam Malik ya yi wa shaɗaranji, Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukan ilimi ta hana shi, yayin da malaman mazhabar Shafi'i suka tsaya a kan karhanci matuƙar babu caca kuma bai shagaltar daga salla ba. Yanke hukunci hurumin malamai ne. Abin da ke gaban wannan darasi shi ne yadda rubutu yake tara ilimi.

Hukumar ces ta duniya, FIDE, an kafa ta a Paris a 1924, kuma dokarta ta wajabta wa kowane ɗan wasa a cikakkiyar gasa ya rubuta takunsa da na abokin karawarsa. Ana wasa da agogo mai fuska biyu, wanda ya taɓa mayaƙi dole ya motsa shi, nasara maki 1 ce, kunnen doki rabi, kuma 'yan kallo ba su da bakin magana, sharaɗin da zai yi wa masu kallon dara nauyi matuƙa, tunda su rabin daɗin wasan a shisshigi yake. 

Gasar 1972

Daga 1948 kambun duniya bai bar hannun 'yan Tarayyar Sobiyet ba, har zuwa lokacin da Bobby Fischer na Amurka ya ƙalubalanci Boris Spassky, mai riƙe da kambun tun 1969, a Reykjavik babban birnin Aislan. An fara a ranar 11 ga Yuli, 1972, bisa sharaɗin karawa 24, kowane ɗan wasa ya yi taku 40 cikin sa'a biyu da rabi. Fischer bai taɓa cin Spassky ba kafin wannan gasa, ya kuma faɗi a karawar farko, ya ƙi zuwa ta biyu saboda ƙorafi a kan na'urorin ɗaukar hoto aka ba Spassky maki, sannan ya farfaɗo ya ci ta uku da ta biyar, ta huɗu kuma aka yi kunnen doki. Da maki biyu da rabi kowannensu aka zauna karawa ta shida a ranar 23 ga Yuli, Fischer yana riƙe da fari.

Duk wanda ya nazarci rubutattun wasannin Fischer, kuma mataimakan Spassky sun yi hakan ciki da bai, ya san kusan kullum da dakaren gaban sarki, e4, yake buɗewa. A wannan rana sai ya sauya.

1. c4 e6 2. Df3 d5 3. d4 Df6 4. Dc3 Ge7 5. Gg5 0-0 6. e3 h6 7. Gh4 b6

Zuwa taku na uku wasan ya koma tsohuwar shimfiɗar da ake kira Tayin Ɓangaren Sarauniya, wadda aka samu a rubuce tun ƙarshen ƙarni na 15. Tayin shi ne dakaren c4, wanda mai fari ya ajiye a inda dakaren d5 zai iya cinsa. Idan mai baƙi ya ci, ya janye dakarensa daga tsakiya, kuma galibi mai fari yana fanso abinsa ba da jimawa ba. Idan kuwa ya ƙi tayin ya tokare d5 da dakaren e6, kamar yadda Spassky ya yi, tsakiyarsa ta yi ƙarfi, amma ya rufe wa giwarsa ta c8 ƙofa da hannunsa. Kusan duk muhawarar da aka yi a kan wannan shimfiɗa, wadda gwanaye biyu, Capablanca da Alekhine, suka buga sau 32 cikin karawa 34 a gasarsu ta 1927, a kan yadda za a fitar da wannan giwa take.

Maganin da Spassky ya zaɓa yana ɗauke da sunan Savielly Tartakower, wanda ya gwada shi a kan Capablanca a Landan a 1922, daga baya kuma masanan Sobiyet biyu, Makogonov da Bondarevsky, suka inganta shi. Da h6 ana tambayar giwar mai fari inda ta nufa tare da buɗe wa sarki mashaƙa, da b6 kuma ana tanadar wa giwar da aka rufe gida a b7, inda za ta kalli dogon layin karkace da ya ratsa tsakiyar faifai. Bondarevsky shi ne ya horar da Spassky shekaru masu yawa, saboda haka Fischer ya shiga ne inda abokin karawarsa ya fi kowa sanin hanya, kuma wannan ƙarfin hali ba zai yiwu ba sai ga wanda ya zauna ya karance abin da aka rubuta a kan shimfiɗar.

8. cxd5 Dxd5 9. Gxe7 Srxe7 10. Dxd5 exd5 11. Hc1 Ge6 12. Sra4 c5 13. Sra3 Hc8 14. Gb5 a6

Musayar da Fischer ya yi daga taku na 8 zuwa na 10 tana da manufa guda, wato ya tilasta wa dakaren baƙi ya tsaya a d5 ya toshe layin da aka tanadar wa giwa, shi ya sa Spassky ya fasa b7 ya kai ta e6. Musayar ta kuma buɗe wa hasumiyar Fischer layin c, inda dakaren c7 ya zama abin hari, sai Spassky ya tura shi c5. Nan ne sarauniyar fari ta koma a3 ta yi abin da za a kira ɗauri: dakaren c5 yana tsakanin sarauniyoyin biyu a layin karkace guda, saboda haka duk ranar da ya gusa, sarauniyar Spassky ta fito fili. A wannan matsayi mayaƙan Fischer uku ne suke kan c5, wato dakaren d4 da hasumiya da sarauniya, uku kuma na Spassky suke tsaronsa, dakaren b6 da hasumiya da sarauniya, kuma na huɗun da zai ƙara masa ƙarfi shi ne doki idan ya fito d7.

Takun giwa zuwa b5 an yi shi ne domin a dagula wannan fitowa ta doki, kuma ba Fischer ne ya ƙirƙiro shi ba. Semyon Furman ya buga shi a 1970 ya ci Efim Geller da shi, wasan ya shiga mujallu, Fischer ya gani ya adana. Abin lura shi ne, wannan Geller ɗin yana Reykjavik a cikin mataimakan Spassky.

15. dxc5 bxc5 16. 0-0 Ha7 17. Ge2 Dd7 18. Dd4 Srf8 19. Dxe6 fxe6 20. e4 d4

Giwar da ke b5 ba ta ciwuwa nan take, domin dakaren a6 shi ma a ɗaure yake, idan ya ci ta sarauniya za ta ɗauke hasumiyar a8. Bayan taku na 15 Spassky ya samu dakaru biyu kafaɗa da kafaɗa a c5 da d5, ba su da wani dakare a hagu ko dama da zai tallafe su; irin waɗannan suna da ƙarfi idan suka samu damar matsawa gaba, domin suna tsare gidaje huɗu a gabansu, amma idan aka tsayar da su sai su zama nauyi, manyan mayaƙa su koma gadi maimakon hari. A taku na 18 ɗaurin ya yi amfaninsa, dokin Fischer ya shiga d4 a gaban dakaren da ba ya iya cinsa, sannan ya ci giwar e6, musayar da a ido take kamar kyauta ce, tunda ta kawo wa d5 mai tallafi. Taku na 20 ne ya bayyana dalili. Dakaren e4 ya doki ginin tun bai bushe ba, Spassky ya zaɓi ya wuce d4, kuma masu sharhi da dama a nan suke ganin wasan ya kuɓuce masa, domin dakarunsa na c5 da d4 sun kafe a gidaje baƙaƙe, farare kuwa, musamman c4, sun zama mallakar giwar Fischer wadda ba ta da sauran kishiya a faifai.

Abin da ya biyo baya bai buƙatar dogon bayani. Fischer ya tura f4 da e5 ya kafe dakaren e6 a wurinsa, ya kai giwa c4 da sarauniya h3 duk suna kallonsa, ya buɗe layin f a taku na 26 ya jera hasumiyoyinsa a kai, sannan a taku na 31 dakarensa ya isa e6 ya raba rundunar Spassky biyu. Daga taku na 32 zuwa na 36 zakaran duniya bai samu abin yi ba sai kai da kawo da sarauniya tsakanin d8 da e8. A taku na 38 Fischer ya ba da hasumiya ya karɓi doki, ya yi asarar maki biyu domin ya yaye wa sarki rufinsa, kuma bayan 41. Srf4 Spassky ya miƙa wuya, ya kuma bi sahun 'yan kallo wajen tafa wa wanda ya ci shi. Wannan ne karon farko da Fischer ya shiga gaba a gasar, wadda ya kammala a ranar 1 ga Satumba da maki goma sha biyu da rabi, Spassky yana da takwas da rabi.

Gyaran da ya zo daga baya

Kyawun wannan wasa yakan sa a ɗauka shimfiɗar ce ta ba Fischer nasara kai tsaye, alhali ba haka abin yake ba. A 1973, a Hilversum ta ƙasar Holan, Jan Timman ya maimaita takun Fischer na 14 ɗin nan a kan Geller, sai Geller ya bar dakaren a7 a inda yake ya amsa da Srb7. Wannan taku ya fitar da sarauniya daga layin ɗauri, amma ya rage masu tsaron c5 daga uku zuwa biyu, wato ya saki dakaren da gangan. Wasan ya ci gaba da 15. dxc5 bxc5 16. Hxc5 Hxc5 17. Srxc5 Da6 18. Gxa6 Srxa6, kuma a nan ribar ta fito: sarauniyar baƙi daga a6 tana kallon f1, doka kuwa ta hana sarki fakewa ta gidan da abokin gaba yake kallo, saboda haka sarkin Timman ya maƙale a tsakiya, Geller ya ci wasan duk da gibin dakare guda. Takun giwa zuwa b5, wanda ya ci wasa a 1970 ya sake ci a 1972, daga nan kwarjininsa ya ragu a manyan gasa, tsarin Tartakower kuwa ya ci gaba da aiki, har gwanaye biyu, Karpov da Kasparov, suka riƙa buga shi a doguwar gasarsu ta 1984 zuwa 1985.

Aikin aji

Ɗalibai su zana faifai mai gida 64 a jikin kwali, su rubuta baƙaƙe da lambobi a gefensa, su yi mayaƙa da marafan kwalba masu ɗauke da haruffan da aka bayar. Mutum ɗaya ya riƙa karanta taku da ƙarfi, biyu suna turawa, har zuwa 14. Gb5. Daga nan a buga amsar Spassky zuwa taku na 20, a mai da faifai, a buga ta Geller zuwa taku na 18, sannan kowane ɗalibi ya rubuta a littafinsa gidan da sarkin fari yake a ƙarshen kowace hanya, da adadin dakarun da suka rage wa kowane ɓangare.